Tsoho da Maganin Ɗaurewar Ciki: Lacca Kan Halin da Ake Ciki a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Ɗaurewar ciki, wato yanayin da bayan gida yake yin tauri, ko ya yi jinkiri, ko ya ƙi fita sai da nishi mai tsanani, tana cikin matsalolin da suka fi addabar tsofaffi a ko'ina cikin duniya, kuma tana cikin waɗanda aka fi ɓoyewa a gidan Bahaushe, domin magana ce da dattijo ba ya yin ta a gaban 'ya'yansa, balle surukansa. Rubuta magani aikin likita ne, kuma wannan lacca ba za ta shiga hurumin likita ba. Abin da ta sa a gaba shi ne 'yar ratar da ke tsakanin kwalbar magani da bakin mai shan sa, inda iyalai da yawa suke shan kaye bayan sun riga sun biya kuɗin mota da na kati da na magani: a dawo gida, tsoho ya kurɓi cokali ɗaya ya yamutsa fuska, washegari ya ce ya warke, kwalbar ta ƙare a kan taga har ƙura ta rufe ta, ciki kuwa yana nan yadda yake.

Kafin a kai ga maganar sha, ya kamata a san abin da ake nufi da ciwon. Likitoci ba su ɗauki zagayawa kullum a matsayin sharaɗin lafiya ba, domin a wurinsu daga sau uku a yini zuwa sau uku a mako duk ana cikin iyaka, matuƙar abin yana fita da sauƙi. Ma'aunin da masana cututtukan ciki suke amfani da shi, wanda ake jingina wa birnin Rum kuma aka fitar da bugunsa na huɗu a 2016, yana duba abubuwa irin su ƙarancin fita ƙasa da sau uku a mako, da yawan nishi, da tauri, da jin cewa abu bai gama fita ba. Akwai kuma wani ma'auni da aka wallafa daga birnin Biristol na Ingila a 1997, wanda ya kasa bayan gida gida bakwai gwargwadon siffarsa, inda kashi na ɗaya da na biyu, wato mai fita ƙulu-ƙulu a bushe, suke nuna ɗaurewa. Dalilin taurin a fili yake: babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗaya da rabi, aikinsa shi ne tsotse ruwa daga abin da jiki ya gama amfana da shi, saboda haka duk kwanan da abin ya ƙara a ciki ƙara bushewa yake yi, kuma duk ƙarin bushewa ƙarin zafi ne wajen fita, zafin kuma yana sa mutum ya ƙara riƙewa.

Tsufa yana tattaro sabubba da yawa wuri ɗaya. Jin ƙishirwa yana raguwa da shekaru, har mutum ya wuni bai nemi ruwa ba. Haƙora suna zubewa, sai a bar kwaɗon rama da zogale da tafasa a koma koko da shayi da burodi. Gwiwa tana ciwo, sai tafiya ta taƙaita tsakanin ɗaki da zaure. Magungunan da tsofaffi suka fi sha ma suna da nasu hannu: ƙwayoyin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe, da tiramadol da kodin da ake sha don ciwon gaɓoɓi, da wasu magungunan hawan jini, da ƙwayoyin mura masu sa barci irin su Piriton. Ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki su ma suna rage motsin hanji.

Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na kudancin Katsina suna da ƙarin nasu dalili, wanda littattafan likitanci ba su yi tanadinsa ba. Ƙasa ce ta noma, ta masara da dawa da auduga, inda dattijo yake zuwa gona da ƙafarsa har ƙarfinsa ya ƙare, ya ci tuwo da miyar kuka ko kuɓewa ko karkashi, waɗanda duk suna da yauƙi da harza mai riƙe ruwa a hanji. Shekarun rashin tsaro a yankunan da suka yi iyaka da Zamfara da Birnin Gwari sun raba tsofaffi da yawa da wannan rayuwa. Wanda ya baro ƙauyensa ya sauka a gidan ɗan'uwa a cikin garin Ƙanƙara ko Faskari ko Funtuwa ya rasa gonarsa, ya koma cin abin da aka samu, sau da yawa garin kwaki da taliya da farar shinkafa, kuma ya tarar da masai ɗaya tal da mutane masu yawa suke bin layi a kansa, cikinsu har da surukai da jikoki mata. Mutum mai kunya a irin wannan gida riƙewa yake yi, kuma yana rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya tashe shi cikin dare a lokacin da ba mai son buɗe ƙofa. Duk wanda zai ba irin wannan dattijo maganin sakin ciki ba tare da ya yi la'akari da wannan hali ba, ya fara aikin daga wutsiya.

Abin da tsoho yake ƙi a cikin kofi

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa ɗaci ne yake hana tsoho shan magani. Wanda ya girma a karkarar Katsina ya sha jiƙon maɗaci da sabara da sassaƙe iri-iri tun yana yaro, kuma a tunanin gargajiya ɗaci alamar ƙarfin magani ce, har abin da ba shi da ɗaci akan yi shakkar aikinsa. Abin lura shi ne magungunan ɗaurewar ciki da asibiti ya fi bayarwa yawancinsu ba masu ɗaci ba ne. Laktulos, wanda shi ne aka fi samu, ruwa ne mai kauri mai zaƙin da ke hawa kai. Makrogol, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Movicol, gari ne da ake damawa ya ba da ɗanɗanon gishiri-gishiri. Madarar magnesiya kuwa kamar an dama alli take a baki. A wurin dattijon da ya yi imani cewa zaƙi yana tayar da basir, miƙa masa cokalin laktulos a ce maganin ciki ne tamkar an ba shi abin da ya san yana ƙara ciwon ne, kuma ƙin da zai yi ƙin mai hujja ne a ganinsa. Maganin wannan shi ne bayani: zaƙin laktulos ba irin na sukarin shayi ba ne, domin jiki ba ya narkar da shi ya shiga jini sai ɗan abin da ba a rasa ba, wucewa yake yi har babban hanji, inda yake janyo ruwa ya tausasa abin da ya bushe. Mai ciwon suga ma yana iya shan sa a ƙa'idar da aka saba, ko da yake wajibi ne likita ya san yana da ciwon kafin ya rubuta.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi, kuma ba kasafai tsoho yake furta shi ba: tsoron najasa. Mutumin da ya yi shekara sittin yana kiyaye alwalarsa, wanda yake sahun farko a masallacin unguwa, abin da ya fi tsoro a duniya shi ne cikinsa ya ɓalle masa a cikin jam'i, ko ya ɓata shimfiɗa har matar ɗansa ta wanke. Idan ya taɓa shan wani maganin wankin ciki mai ƙarfi a baya ya wulaƙanta shi, to duk wani magani mai wannan suna ya zama abokin gaba. Saboda haka sanin lokacin da kowane magani yake fara aiki, da gaya wa mai shan sa gaskiyar wannan lokaci, ya fi kowace dabarar gyara ɗanɗano amfani. Ƙwayar sakin ciki ta sanna tana aiki bayan awa takwas zuwa goma sha biyu, ta bisakodil bayan awa shida zuwa goma sha biyu, wanda ke nufin idan aka sha bayan isha'i za a ji motsinta tsakanin ƙarshen dare da hantsi; idan an san haka, sai a jinkirta shan ta zuwa daf da barci don aikin ya faɗo bayan gari ya waye, kuma babu dalilin fara ta a daren Juma'a ga mai son zuwa masallaci da kwanciyar hankali. Laktulos da makrogol ba sa gaggawa, suna iya ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci uku, kafin a ga aikinsu, kuma wannan jinkiri shi ne yake sa a yanke musu hukuncin rashin amfani tun washegari. Laktulos yana kuma kumbura ciki da iska a kwanakin farko, abin da ke warware alwala akai-akai, kuma gara a sanar da dattijo cewa wannan yana lafawa da a bar shi ya gano da kansa a cikin sahu.

Daga nan sai maganar masai kanta. Tsugunno yana taimaka wa fitar bayan gida, amma gwiwar da ta yi shekara saba'in ba ta jure shi, kuma tsohon da yake tsoron ya tsuguna ya kasa tashi, ko ya zame a bakin rami, yana da dalilin guje wa duk abin da zai ƙara masa yawan zuwa. Kujerar katako ko ta roba da aka huda tsakiyarta, da igiya ko sanda da aka kafe a bango don riƙewa, da fitila da buta cike da ruwa a kusa, da fo mai murfi a cikin ɗaki don dare, duk waɗannan suna cikin magani, kuma kafinta na unguwa yana iya haɗa kujerar a yini ɗaya. Hanji yana motsi da kansa bayan an ci abinci, musamman karin kumallo, don haka idan aka keɓe wa dattijo masai na kimanin rabin awa bayan ya sha kokonsa, aka hana yara ƙwanƙwasa masa ƙofa, an taimaki maganin fiye da ƙara masa cokali.

Wa zai miƙa kofin

Murray Last, masanin da ya daɗe yana bincike a ƙasar Malumfashi mai maƙwabtaka da Ƙanƙara, ya nuna a wata maƙala da ya wallafa a 1981 cewa mutanen karkara sukan karɓi magani ba tare da sun damu da sanin yadda yake aiki ba. Idan haka ne, abin da yake sa a sha shi ne yarda da hannun da ya miƙo, kuma a gidan Bahaushe ba kowane hannu ne ya dace da wannan aiki ba. Ɗan fari, wanda iyaye suke jin kunyarsa har ba sa kiran sunansa, shi ne yawanci yake sayo maganin, amma shi ne mafi rashin dacewa da tambayar mahaifinsa ko ya zagaya yau. Matar ɗa, wadda ita ce take dafa abinci take kuma wanke kaya, tana sanin halin da ake ciki kafin kowa, amma surukuta ta ɗaure mata baki. Al'ada ta riga ta tanadi wanda zai iya: jika. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya halatta maganganun da ba wanda ya isa ya yi, har jikanya ta tsaya a kan kakanta ta ce, "Angona, ba zan tafi ba sai na ga gindin kofin nan," ya yi dariya ya shanye abin da zai ƙi karɓa daga hannun babban ɗansa. Auta ma yana da irin wannan dama, haka tsohuwar matar dattijo idan tana raye, haka aminin da suke zaman zaure tare. Abin da ake buƙata shi ne babba mai hankali ya auna maganin, wanda tsohon yake sake wa fuska ya kai, kuma a kai masa a keɓe, ba a tsakar gida ana shela ba.

Aunawa kuwa ba a yin ta da ka. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba ne, saboda haka murfin awo da ke zuwa da kwalba, ko sirinji marar allura, shi ne abin dogaro. Mililita 15 da aka saba rubutawa na laktulos daidai yake da cokalin awo uku masu mililita 5. Ledar ruwan sha da ake sayarwa ko'ina mililita 500 ce, don haka rubu'inta shi ne mililita 125 da ake dama ƙunshi ɗaya na makrogol da shi, kuma leda uku zuwa huɗu a yini shi ne gwargwadon ruwan da ake so tsoho ya sha, in ban da mai ciwon zuciya ko ƙoda da likita ya taƙaita wa ruwa.

Dabarun da suka halatta da waɗanda suke cutarwa

Sanyi yana dushe ɗanɗano, don haka magani da aka dama da ruwan randa mai sanyi ya fi sauƙin haɗiya a kan na ruwan da ya wuni a rana. Bakin tsoho a bushe yake yawanci, kuma abu mai kauri yana manne wa busasshen baki ya daɗe, saboda haka kurɓar ruwa kafin magani tana da amfani kamar kurɓarsa bayan magani. Laktulos ana iya tsinka shi a rabin kofin ruwa a matsa lemun tsami kaɗan don ya karya zaƙin. Makrogol, bayan ya narke sarai a ruwansa, ana iya ƙara masa ɗan ruwan tsamiya ko na zoɓo, kuma ba dole ne a shanye shi a tashi ɗaya ba, ana iya kurɓarsa a hankali. Madarar magnesiya sai an girgiza kwalbar, a sha, a kora da ruwa cikakken kofi. Ɗan ɓarin goro ko dabino bayan sha yana share baki. Duk wannan a zaune ake yin sa, baya a miƙe, kuma ba a kwantar da mutum nan take.

Inda haɗari yake shi ne dabarun da suke kama da hikima. Ƙwayar bisakodil, wadda aka fi sani da Dulcolax, an lulluɓe ta da wani rufi da aka yi don kada ta narke sai ta wuce tumbi. Idan aka daka ta, ko aka tauna, ko aka kora ta da nono ko madara ko maganin gyambon ciki, rufin yana narkewa da wuri ta ƙona tumbi ta murɗa ciki. A ƙasar da fura da nono suke abincin tsofaffi, wannan gargaɗi ya cancanci a maimaita shi a kowane kemis: a bar tazarar awa ɗaya tsakanin ƙwayar da nono. Makrogol kuma yana da nasa sirri. A 2021 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa idan aka haɗa shi da abin sha da aka kaurara da sitaci, yana tsinka shi ya koma ruwa. Kaurin kunu da koko daga sitacin hatsi yake, kuma wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki, wanda ake ba kunu mai kauri don ruwa tsararo yana sarƙe shi, zai iya shaƙar abin cikin huhunsa idan aka zuba masa maganin a kunu. Garin ƙaiƙayin isfagula, irin su Fybogel, yana kumbura ya yi kauri cikin mintoci, don haka ana shan sa da zarar an dama, da cikakken kofin ruwa, kuma ba a shan sa daf da kwanciya; ga tsohon da ba ya shan ruwa sosai ko yake wahalar haɗiya, yana iya toshe abin da aka so buɗewa. Madarar magnesiya da gishirin Andrews suna ɗauke da magnesiyam, wanda ƙodar da ta raunana ba ta iya fitarwa, kuma suna hana jiki tsotsar wasu magunguna kamar sifurofulozasin da tetarasaikilin idan aka sha su lokaci ɗaya. Man farafin na sha, wanda har yanzu ake samu a wasu shaguna, shi ne mafi rashin dacewa da tsoho, domin mai ne marar ɗanɗano da yake iya silalewa cikin huhu ba tare da ya sa tari ba, ya haifar da ciwon huhu mai wuyar ganewa.

Idan duk an gwada abin ya faskara, hanya mafi sauƙi ita ce wadda aka fi mantawa: a koma wurin wanda ya rubuta maganin a ce masa ba ya shayuwa. Wanda ya kasa jure ruwan zaƙi zai iya haɗiye ƙwaya ƙarama, wanda ya kasa haɗiya akwai na matsawa ta dubura, na gilisarin ko na bisakodil, mai aiki cikin ƙasa da awa ɗaya, wanda kuma dattijo mai ƙarfin hannu yake iya sa wa kansa ba tare da kowa ya gani ba.

Ɗura da ɓoyewa

Ɗura, wato a danne mutum a toshe masa hanci a zuba masa abu a baki, al'ada ce da ma'aikatan lafiya suka daɗe suna yaƙi da ita a kan jarirai, kuma illarta ga tsoho ba ta gaza haka ba, domin abin da aka zuba wa mai fizge-fizge yana iya bin hanyar iska. Ban da illar jiki, akwai abin dubawa a sunna. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa a rashin lafiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ƙarshe, iyalinsa sun zuba masa magani ta gefen baki alhali yana yi musu nunin kada su yi, suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane majinyaci; da ya farfaɗo sai ya yi umarni a yi wa duk wanda ya halarta irin abin da suka yi masa, ban da baffansa Abbas da bai halarta ba. Waɗanda suka aikata hakan masoyansa ne mafi kusa, da kyakkyawar niyya suka yi, amma kyakkyawar niyyar ba ta wanke su ba. Aya ta 23 ta Suratul Isra'i kuma ta hana nuna wa iyayen da suka tsufa ko da alamar ƙosawa ce, balle tsawa a kan cokalin magani.

Ɓoye magani a cikin abinci ya fi ɗura laushi, amma yana da tsada: ranar da dattijo mai cikakken hankali ya ji baƙon ɗanɗano a kokonsa, zai daina amincewa da kwanon gidan gaba ɗaya, kuma a gidan da ake da kishiyoyi ko ake zaman doya da manja da suruka, zargin da zai biyo baya ba na magani ba ne. Tsohon da ya daina cin abinci saboda zargi ya shiga haɗarin da ya fi ɗaurewar ciki. Hukuncin yana sauyawa ne kawai ga wanda gigin tsufa ya kama har ya daina gane amfanin abin da ake ba shi, kuma ko a nan ba shawarar mutum ɗaya ba ce: iyali su zauna da ma'aikacin lafiya, a tabbatar maganin yana cikin waɗanda ake iya haɗawa da abinci, a sa shi a ɗan abin da za a cinye duka. Yana da kyau a sani cewa ɗaurewar ciki mai tsanani ita kanta tana rikita tunanin tsoho, har a zaci gigi ne ko iska, a kuma ga ya dawo hayyacinsa bayan ciki ya sauka.

Game da magungunan gida, adalci shi ne a faɗi cewa da yawansu suna aiki. Filasko, da ɗan'uwansa sanamaki da ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci, dangin tsiron da ake yin ƙwayar sanna ta asibiti ne, kuma dattijon da ya ƙi ƙwayar yakan karɓe ta idan ya ji haka. Bambancin shi ne ƙwayar an auna ta, jiƙon ganye kuwa yau ya yi rauni gobe ya yi ƙarfin da zai zubar da ruwan jikin tsoho ya sa shi jiri ya faɗi, kuma haɗa jiƙon da ƙwayar ninka magani ne. Tsamiya da gwanda da miyar yauƙi suna da sauƙi, ana iya yawaita su ba fargaba. Kanwa kuwa gishiri ce mai yawa, ba ta dace da mai hawan jini ko kumburin ƙafa ba, man zurma kuma ya yi wa hanjin tsoho ƙarfi.

Lokacin da ba a ba da magani

Akwai wani yanayi mai yaudara da ya kamata kowane gida ya sani. Idan busasshen bayan gida ya taru ya toshe ƙarshen hanji, ruwan da ke bayansa yana zagayowa ta gefe ya riƙa tsiyaya a wando ba tare da mutum ya sani ba. Iyali sai su ce zawo ne, su sayo maganin tsayar da ciki, ko lofaramid ko ruwan da ake haɗawa da kawolin, wato irin farar ƙasar da aka san Ƙanƙara da haƙo ta, su ƙara ɗaure abin da yake a ɗaure. Zawon da ya biyo bayan kwanaki na rashin zagayawa a wurin tsoho, musamman wanda yake kwance, yana buƙatar ma'aikacin lafiya ya duba shi kafin a ba shi komai.

Akwai kuma alamomin da idan an gan su ajiye kwalbar ake yi a nemi mota: ciki ya kumbura ya yi tauri tare da amai, iska ta daina fita, ciwo mai tsanani, gwaiwa ko ƙaba da ta fito ta ƙi komawa tana zafi, fitsari ya tsaya, jini a bayan gida ko ya fito baƙi ƙirin ga wanda ba ya shan maganin ƙarin jini, rama ba dalili, ko sauyin yanayin zagayawa da ya zo sabo bayan shekara hamsin ya ƙi tafiya. Wasu daga cikin waɗannan suna nuna toshewar hanji ko murɗewarsa, wanda ya yawaita a tsakanin dattawa maza a Afirka, kuma maganin sakin ciki a wannan hali yana iya fasa hanjin. Wasu kuma suna iya zama alamar kansar hanji, wadda ake ganowa da awon da sai manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutanen wannan yanki sun san cewa hanya ba kullum take buɗe ba, kuma waya ba kullum take shiga ba, kamar yadda aka gani a watan Satumba na 2021 da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Saboda haka shawarar tafiya Babban Asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ko na Malumfashi da rana ake yanke ta, tun alamar tana ƙarama, ba a jira dare ya yi a ga yadda hali zai yi. Mai rakiya ya zuba duk magungunan da dattijon yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ya kuma riƙe ranar da ya zagaya ta ƙarshe da lokacin da iska ta fita masa ta ƙarshe, domin waɗannan su ne tambayoyin farko da likita zai yi, kuma kada a ba majinyacin abinci ko wani magani a hanya idan yana amai, saboda mai yiwuwa aikin tiyata za a yi masa.